Wasan tseren motoci: wa ke auna sa'ar da ke cikin akwati?

A watan Oktoba na 2022 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya cire wani abu daga Mario Kart Tour, wasansa na tseren motoci na wayar salula. Abin da ya cire wani koren bututu ne, wanda ɗan wasa kan biya ya harba, kyauta ta fito, ba tare da ya san abin da zai samu ba. Shekara uku wanga bututu yana cikin hanyoyin da wasan ke kawo wa kamfanin kuɗi. A madadinsa sai aka buɗe kanti, inda kowane kaya ke da farashinsa a rubuce.

Labarin ya yi kama da na nesa, amma irin waɗannan wasanni suna cikin wayoyin da ke hannun yara a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, suna kuma cikin ɗakunan ƴan uwanmu da ke zaune Faransa, Beljiyam ko Amurka. Abin da muke son mu fayyace yau shi ne: sa'ar da ke cikin wasannin nan lamba ce da ma'aikatan kamfani suka zauna suka rubuta. Suna iya ɗaga ta, suna iya sauke ta, kuma sun sha yin hakan.

Minene akwatin sa'a?

A wasan tseren motoci, ɗan wasa yana farawa da mota mai rauni. In ya ci tsere, sai a ba shi lada: kuɗin cikin wasa, ko inji mai ƙarfi, ko sabuwar mota. A da, ladan sananne ne. Ka ci gasa kaza, ka samu mota kaza, shi ke nan.

Daga baya kamfanoni suka shigo da wata dabara. Maimakon a miƙa maka motar, sai a ba ka rufaffen akwati, ko kati a kife, ko wata ƙafa mai juyawa irin ta tambola. Ka buɗe, wataƙila motar da kake mafarki ce, wataƙila tarkacen da kake da irinsa goma. Wasu akwatunan da gumin wasa ake samunsu. Wasu kuwa da kuɗi na gaske ake sayensu, kuma nan ne rigimar take.

Mario Kart Tour ya fito ranar 25 ga Satumba 2019, kyauta ake sauke shi, kuma a makon farko an sauke shi sau kimanin miliyon 90. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A cikin wasan akwai wasu jajayen duwatsu, yaƙutu, waɗanda ake samun kaɗan daga cikinsu ta hanyar wasa, sauran kuma a saya. Yaƙutu 5 harbi ɗaya na bututu, yaƙutu 45 harbi goma. Abin da ke fitowa iri uku ne: direba, ƴar mota, ko fiffiken da motar ke shawagi da shi.

Kuma kayan nan ba ado kaɗai ba ne. Kowane direba yana da filayen da suka karɓe shi, inda yake ɗaukar kayan faɗa uku a lokaci ɗaya maimakon ɗaya, ga kuma maki da ke ƙaruwa in motar ta dace da filin. Wanda ya rasa direban da ya dace, ko ya fi kowa iya tuƙi, zai sha wuya kafin ya hau saman jerin gasar mako.

Lissafin ƙwarya

Don mu gane yadda ake auna sa'a, mu ɗauki ƙwarya mu zuba mata wake 100: 99 farare, ɗaya ja. Jan waken shi ne babbar kyauta. Ka rufe ido, ka sa hannu, ka ɗauko ɗaya. Damarka kashi 1 ce cikin 100.

Ga inda hanya ta rabu biyu. Hanya ta farko, duk waken da ka ɗauko sai a mayar da shi cikin ƙwarya a girgiza. Da yawa suna zaton in sun ɗauka sau 100, dole jan ya fito. Ba haka lissafin yake ba. In mutum 100 suka zauna, kowanensu ya ɗauka sau 100, kimanin 37 za su tashi ba su ga jan wake ba ko sau ɗaya. In suka ƙara wani 100, har yanzu kimanin 13 hannu banza za su tashi. Ƙwaryar ba ta tuna asarar da ka yi jiya. Kowane ɗauka sabo ne, kamar yanzu ka fara. Mai cewa "na kusa, saura ƙiris" yana ruɗin kansa ne.

Hanya ta biyu, waken da ka ɗauko ba ya komawa. Ƙwarya tana raguwa, damarka tana ƙaruwa. Wani zai dace tun ɗauka na uku, wani sai na 98, amma kowa ya san in ya kai 100, jan wake na hannunsa. In aka haɗa masu sa'a da marasa sa'a aka raba, wajen ɗauka 50 ake yi kafin a same shi.

Bututun Mario Kart Tour hanya ta biyu ya bi. Yawancin bututan na ɗauke da kaya 100, kuma sabon direban da ake talla galibi guda ɗaya ne tak a ciki. Kun ga ke nan akwai iyaka, abin da ya fi ƙwaryar da ba ta da gindi. To amma nawa ne kuɗin kaiwa iyakar? Harbi 100, goma-goma, yaƙutu 450 ke nan. Lokacin da wasan ya fito, babban ƙunshin yaƙutu 135 ana sayar da shi dalar Amurka 69.99. Mu lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wanda zai zazzage bututu ɗaya da aljihunsa zai kashe sama da dalar Amurka 200, abin da ya haura jika 120 na sefa. Don direba ɗaya na cikin waya.

Ƙari a kan haka, bututun ba ya jira. Wasan yana tafiya zango-zango, kowane zango mako biyu, kuma direban da ake talla yana da ranar tafiya. Wanda ya yi harbi 60 bai dace ba, ga lokaci na ƙurewa, sai ya shiga tsaka mai wuya: ya bari, abin da ya zuba ya tafi, ko ya ƙara sayen yaƙutu.

Mi ya sa barin abin ke da wuya?

A shekarun 1950, wani masanin halayya na Amurka, B. F. Skinner, ya yi ta gwaji da tattabaru. Tattabara ta saki maɓalli da baki, hatsi ya zubo. Ya lura cewa in hatsin na zubowa ba bisa ƙa'ida sananniya ba, wani lokaci bayan saƙa biyu, wani lokaci bayan ashirin, tsuntsuwar ta fi naci, kuma ko an tsayar da hatsin takan daɗe tana saƙa kafin ta haƙura. Rashin sanin lokacin da lada zai zo shi ke riƙe ta.

Kan wanga tushe aka gina injinan caca, kuma shi ne ke aiki a akwatin sa'a. Sai a ƙara masa armashi: haske, kiɗa, girgizar waya, ɗan jinkiri kafin kyautar ta bayyana. A Mario Kart Tour, wani lokaci bututun kan rikiɗe ya zama na zinariya, alamar babban kaya na tafe. Babba ma zuciyarsa na bugawa, balle yaro ɗan shekara goma.

Yadda ake gyaran ma'auni

Mu duba abin daga ɓangaren masu ƙera wasa. Tattalin wasa kamar randa yake: ruwa na shiga ta sama, wato ladan tsere, yana fita ta ƙasa, wato sayen motoci da kayan gyara. In ruwan ya yi yawa, cikin wata ɗaya ɗan wasa ya mallaki komai, ya gaji, ya tafi. In ya yi kaɗan, sai ya ji ana matsa masa don ya fiddo kuɗi, ya yi fushi, shi ma ya tafi. Tunda wasannin yanzu suna haɗe da intanet, kamfani na ganin tsere nawa mutane ke yi, a ina suke tsayawa, a ina suke biya. Da wanga bayani yake murɗa ma'auni, ya aiko da gyara cikin dare, da safe wasan ya sauya.

Hanyar gyara ta farko ita ce a ƙara ruwan da ke shiga randa. Haka aka yi a Need for Speed Payback, wanda kamfanin EA ya fitar a Nuwamba 2017. A wasan, ba ka shiga shago ka zaɓi kayan gyaran da kake so kai tsaye. Katuna ne ke fitowa bisa ƙuri'a, har da wata na'ura mai juyawa kamar ta gidan caca, ga kuma akwatunan da ake iya saye da kuɗi. Ƴan wasa suka yi ca, suka ce an mayar da gyaran mota caca. Cikin ƴan makonni masu wasan suka ƙara kuɗi da makin da ake samu a tsere, suka kuma rage lokacin da shagon gyara ke ɗauka kafin ya sauya kaya, daga minti 30 zuwa 10. Ƙuri'ar tana nan, sai dai an sassauta mata.

Hanya ta biyu ita ce a fitar da kaya masu muhimmanci daga cikin akwati, a sa su inda kowa zai iya kai hannu. Gran Turismo 7, wasan PlayStation da ya fito a Maris 2022, yana ba ɗan wasa tikitin ƙuri'a in ya tuƙa kilomita 42.195 a rana, tsawon gudun yada ƙanin wani. Da farko, injinan musamman da ake dasa wa mota ta hanyar irin wannan tikiti ake samunsu. Mutum zai yi watanni yana jira, ko ya samu injin motar da ba shi da ita. A Mayu 2023 aka gyara: duk wanda ya kai mataki na 50 a tara motoci yana iya sayen injin da kuɗin cikin wasa. Tikitin bai mutu ba, amma ya daina zama ƙofa ɗaya tilo.

Hanya ta uku ita ce a sa iyaka, irin ƙwaryar da ba a mayar mata da wake. Wasu wasannin kuma alkawari suke yi: in ka buɗe akwati sau kaza ba ka dace ba, na gaba dole babbar kyauta ce. Wanga na kare ɗan wasa daga mummunar rashin sa'a, amma yana da nasa tarko. Wanda ya ga saura masa buɗi takwas ya kai alkawari, da wuya ya tsaya.

Hanya ta huɗu, a tumɓuke abin baki ɗaya. Forza Motorsport 7 na kamfanin Microsoft ya fito a Oktoba 2017 da motoci sama da 700 da kuma akwatunan kyauta. Abin lura, akwatunan nan da kuɗin cikin wasa kaɗai ake sayensu, duk da haka ƴan wasa ba su so su ba. A Yuli 2018 shugaban masu ƙera wasan, Alan Hartman, ya sanar da cewa za a cire su. Aka fara da fitar da motoci daga ciki, sannan kafin ƙarshen shekarar aka rufe akwatunan, aka buɗe shago. Aikin ya ɗauki watanni, don akwatunan sun riga sun sarƙe da sauran sassan wasan. Shi ma Need for Speed Heat, da ya biyo bayan Payback a 2019, ba shi da akwatin sa'a ko ɗaya.

Ma'auni na murɗuwa ta kowane gefe

Kada mu ɗauka duk gyara alheri ne ga ɗan wasa. Hannun da ya sassauta shi ke iya tsanantawa. Mako biyu bayan fitowar Gran Turismo 7, kamfanin ya aiko da gyara wanda ya rage ladan wasu tsere da mutane suka fi dogara da su wajen tara kuɗi. Wanga kuwa a wasan da wasu tsofaffin motoci masu daraja ke kai kuɗin cikin wasa miliyon 20, kuma ake sayar da miliyon 2 kan dalar Amurka 19.99. Ku yi lissafin da kanku. A daidai lokacin kuma manyan kwamfutocin wasan suka tsaya sama da awa 30, mafi yawan wasan ya ƙi buɗewa ga mutanen da suka riga suka biya kuɗin sayensa.

Fushin ya yi yawa har shugaban masu ƙera wasan, Kazunori Yamauchi, ya fito ya ba da haƙuri, aka raba wa ƴan wasa kuɗin cikin wasa miliyon 1 kowanensu, sannan a watan Afrilu aka ɗaga ladan tsere da dama. Darasin a fili yake: abin da ka saya yau, gobe ana iya sauya masa ƙa'ida daga Tokyo kana barci.

Wa ya matsa musu?

Ƙorafin ƴan wasa ya yi tasiri, amma hukumomi ma sun sa baki. Tun Mayu 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana kashi nawa cikin ɗari ne damar samun kowane kaya. Kamfanin Apple ya sa irin wannan sharaɗi a kantinsa na manhajoji a Disamba 2017, Google ya bi sahu a Mayu 2019. Koriya ta Kudu ta mayar da shi doka da ta fara aiki a Maris 2024.

Beljiyam ta fi kowa zafi. A Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar ta ce akwatunan da ake saye da kuɗi a wasu manyan wasanni da ta bincika caca ce a idon doka. A 2019 Nintendo ya janye wasanninsa biyu na salula daga ƙasar, kuma lokacin da Mario Kart Tour ya fito, ba a sake shi a Beljiyam ba. Tun 2020 kuma hukumomin da ke sa wa wasanni alamar shekaru a Turai da Amurka suka ƙara wani rubutu na musamman, mai nuna cewa wasa na ɗauke da sayayya ta ƙuri'a.

Sai dai bayyana lamba ba ya nufin an fahimce ta. "Kashi 1 cikin 100" a rubuce yake, amma mutum nawa suka san cewa a ƙwarya ta farko, 37 cikin 100 za su tashi hannu banza bayan ɗauka 100?

Bayan bututu, mi ya rage?

A sabon kantin Mario Kart Tour, ka ga direba, ka ga farashi, ka biya ko ka wuce. Kayan ba su zama kyauta ba, an ci gaba da sayar da yaƙutu, haka ma rajistar wata-wata, wadda a lokacin take dalar Amurka 4.99, wajen jika 3. Kaya na zuwa suna tafiya, don haka gaggawar nan ta "saya kafin ya wuce" ba ta gushe ba. Abin da ya sauya shi ne mai biya ya san abin da zai karɓa kafin kuɗi su bar hannunsa. Shekara ɗaya bayan haka, a Oktoba 2023, Nintendo ya daina ƙara sabbin filaye da direbobi a wasan. Wanda ya zuba jika ɗari a bututu, kayansa na nan cikin waya muddin kamfanin bai rufe wasan ba, ba ya kuma iya mayar da su kuɗi.

Wasu wasannin tsere da yawa na salula har yanzu da akwatuna suke tafiya. Akwai waɗanda ba a ba ka mota ɗungurungum, sai dai katunan zanenta, ka yi ta tarawa daga akwati zuwa akwati har su cika. Akwai masu cewa ka kalli talla a ba ka akwati kyauta. Can ba kuɗi suka fita ba, amma megar da aka saya ta tafi, lokacin yaro ma ya tafi.

Abin da iyaye za su duba

Ga ƴan uwa da ke aiko wayoyi gida daga ci-rani: kafin waya ta bar hannunku, ku tabbata kun cire asusunku na Google ko Apple, musamman in katin banki na haɗe da shi. In asusun na ciki, danna biyu ko uku sun isa kuɗi su fita. Waɗanda yaransu ke tare da su a ƙetare kuma, a Google Play da App Store duka akwai wurin da ake sa wa saye makulli, yadda ba abin da zai wuce sai an sa kalmar sirri. Google na da manhajar Family Link da ke ba uba ko uwa damar amincewa ko ƙin kowane saye.

Kafin a sauke wasa, a duba ƙarƙashin sunansa, ana rubuta ko akwai sayayya a ciki. In yana da akwati, a nemi ɗan maɓallin da ke nuna jerin damar samun kaya, yawanci ƙarami ne a gefe. Sannan a zauna da yaron a yi tambaya uku. Babbar kyautar kashi nawa ce cikin ɗari? Abin da aka ɗauko yana komawa cikin ƙwarya ko ba ya komawa? In sa'a ta ƙi gaba ɗaya, nawa za a kashe kafin a kai iyaka? In wasan bai nuna iyaka ba, a ɗauka ba shi da ita.

In hannu ya samu wake da ƙwarya, a gwada masa a tsakar gida, 99 farare da ja ɗaya, a riƙa mayarwa ana girgizawa, shi kuma yana ƙirga ɗauka nawa ya yi. Abin da zai gani da idonsa ya fi faɗa da hani zama a kansa.

Masu saurare da ke da tambaya kan wanga batu, ko wani wasa da suke son mu duba musu tsarinsa, suna iya aiko mana da saƙo, za mu amsa a shiri na gaba.